Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga masu gidajen silima da gidajen kallo na Kano, da Hukumar Tace Fina-finai

Assalamu alaikum. Ranku ya daɗe Alhazai masu gidajen silima da manajojinku, da ƙannena masu gidajen kallo na cikin unguwa, sannan yallaɓai shugaban Hukumar Tace Fina-finai da Ɗab'i ta Jihar Kano tare da ma'aikatansa. Ya aiki, ya kasuwa, ya haƙuri da kuɗin man janareto? Allah ya rufa asiri.

Ni dai ba ɗan fim bane, ba furodusa ba, ba ɗan jarida ba, bani da ko sisi a harkar nan in banda kuɗin tikitin da nake zarowa daga aljihuna in miƙa muku, to ina ganin wannan kuɗin ya isa ya bani bakin magana. Kuma maganar tawa ba akan abin da ake haskawa a jikin allo bace. Wannan kam an sha yi, shekara da shekaru duk rigimar fim a garin nan akan allo take ƙarewa, wace ta yi rawa, wane ya matsa kusa da wance, wace irin riga aka sa. Ni maganata akan kujeru ce. Mutanen da ke zaune cikin duhun nan bayan an kashe fitila, ya suke zama da juna, kuma wa ke kula da su? Don gaskiya yadda nake gani an bar wajen ba mai shi.

Kun fi ni sanin irin sunan da silima ta yi a Kano. Tun 1937 da Kwarori suka buɗe Rex a wajen ganuwa ake yi mata kallon hadarin kaji, da aka zo aka gina Palace a cikin birni wajen Jakara a 1951 kuwa sai da mutanen gari suka tayar da ƙayar baya, har jifa ake yi ta saman katanga tunda ba rufi gare ta ba, daga baya ma asibiti aka mayar da wajen. In ka zauna da dattawan Fagge ko na Ƙofar Wambai suka fara hirar Plaza da Orion da El Dorado da Marhaba da Wapa, wadda yanzu in an ambace ta canjin Dala da Riyal ne ke faɗo wa mutum a rai, zaka ga fuskarsu ta washe, ana tuno daren fim ɗin Indiya da na Chanis, da yadda ake fitowa ana rera waƙar da ba a san ma'anarta ba har gida. Amma ka ƙyale su su ci gaba da hirar, ba a jimawa sauran labarin zai fito: turmutsutsun layin tikiti, hayaƙin sigari da na wiwi, 'yan daba a bakin get, yankan aljihu, faɗan da ake farawa a ciki a je a ƙarasa shi a lungu. Nan nake so ku tsaya ku duba da kyau. Da yawa daga cikin iyayen da suka rantse ɗansu ba zai taka silima ba, basu taɓa ganin ko minti ɗaya na fim ɗin da ake nunawa a ciki ba. Bakin ƙofar suka gani, da yanayin masu fitowa daga cikinta.

A ƙarshen shekarar 2000, bayan an ƙaddamar da Shari'a, gwamnati ta dakatar da harkar fim gaba ɗaya a jihar nan, a 2001 aka kafa hukumarku yallaɓai. A 2016 kuma kowa ya ga yadda maganar dandalin shirya fina-finai na Kofa a ƙaramar hukumar Bebeji ta watse tun ba a aza bulo ba, saboda malamai da jama'a da dama sun ce basu yarda ba. Ban kawo wannan don in ce wane ne da gaskiya wane ne babu ba, ina tuna muku ne cewa yardar da mutanen Kano suka yi wa harkar nan bata da kauri, abu kaɗan ne ke yaga ta.

To sai gashi Allah ya kawo wani zamani. Silima mai rufi, mai sanyin esi, kujera mai laushi da lamba a jikinta, gugguru a kwali. Magidanci ya fara ɗaukar matarsa da 'ya'yansa ranar Sallah su je kallo, 'yan mata su haɗu su je su dawo ba tare da an laƙaba musu wani suna ba. Su ma masu shirya fim, tunda kasuwar faifai ta Ƙofar Wambai ta durƙushe, masu tura fim a waya sun cinye ta, ba inda furodusa zai ga kuɗinsa a dunƙule in ba a silima ba, sai ko ya lallaɓa YouTube ko tashoshi irinsu Arewa24. Dama ce wannan da iyayenmu basu samu ba. Tsorona kawai kar mu ɓarar da ita da hannunmu, kuma ba sai an yi wani gagarumin abin kunya ba, ƙananan rashin ɗa'ar nan da kowa ke cewa ai ba komai sun isa.

Kafin wani ya ce na ɗauko tsarin Turawa zan ɗora wa mutane, bari in faɗa tun yanzu, ni bana neman a yi tsit. Bakano in yana kallo har da bakinsa yake kallo. In jarumi ya shigo a tafa, in bos ya sha duka a yi ihu, in kishiya ta ƙulla sharri ka ji wata Hajiya daga baya ta ce "Allah ya isa, muguwa kawai", ɗakin gaba ɗaya ya kwashe da dariya. Wallahi rabin daɗin kallon kenan, don shi mutum ya baro talabijin ɗinsa a gida ya zo ya biya kuɗi. Duk wanda ya ce a hana wannan bai san garin ba. Amma hayaniyar da fim ɗin ya tayar, wadda kowa na cikinta, daban take da hayaniyar da mutum ya ɗauko daga gida ko daga kasuwa ya zo ya sauke mana a ka. Da wannan ta biyun nake.

Ɗauki waya. Ana tsakiyar wajen da uwa ke yi wa ɗanta maganar ƙarshe a gadon asibiti, ɗaki ya yi shiru har kana jin wata na jan hanci, sai kiɗan waya ya ɓarke a layin gabanka, mai ita kuma ba sauri yake ba, ya laluba aljihun gaba, ya laluba na gefe, ya zaro, ya tsaya duba sunan mai kira, sannan ya ɗaga: "Alo! Eh ina silima ne wallahi. A'a faɗi kawai ina jinka. Katan nawa? To ka ce masa in bai kai Singa kafin Magariba ba ya bari sai gobe." Mu ɗin nan kaf sai mun san katan nawa ne. In ka leƙa ka ce Alhaji don Allah a ɗan rage murya, ya kalle ka sama da ƙasa ya ce "kai ka saya min tikitin?" Mutumin nan fa da a masallacin Juma'a ne ko a gaban surukinsa wayar ta yi ƙara, jiki na rawa zai kashe ta. Wato ba rashin sani bane. Ya sani sarai, kawai ya ɗauka nan ba ya cikin wuraren da ake jin kunyar mutane, kuma ba wanda ya taɓa nuna masa ba haka bane. Ga kuma waɗanda basa magana amma tun daga farko har ƙarshe suna WhatsApp, haske a ƙure, a cikin duhu kuwa waya ɗaya ta isa ta janye idon duk wanda ke bayanka ko yana so ko baya so.

Sai ɗan'uwana wanda ya riga ya kalla jiya ya dawo yau da abokinsa don ya nuna shi fa ya sani. "Kalli nan, kalli nan, wannan ai ba babanta bane." "Rabu da shi, yanzu mota zata kaɗe shi." Haba bawan Allah! Mutum ya biya kuɗinsa don ya ji faɗuwar gaban nan, kai ka ƙwace masa ita a banza.

Wanda ya fi ci min rai shi ne ɗaukar bidiyo. Furodusa ya ci bashi, wani ma ya sayar da filinsa, ya kwashe watanni yana fama da 'yan wasa da masu kyamara, ranar farko da aka haska ka ɗaga waya ka ɗauki ƙarshen fim ɗin ka ɗora a sitatus ko TikTok, wasu ma tun daga farko har ƙarshe suke naɗewa, kafin sati ya zagayo yana hannun masu tura fim a bakin titi ana bada shi kuɗin da bai kai na ruwan leda biyu ba. Sata ce wannan, kuma doka ta san da ita, ga sabuwar dokar haƙƙin mallaka nan da aka sa wa hannu a 2023. Amma ko wannan bai kai juya kyamarar kan mutane ba. Yarinya ta zo da yayanta, ko matar aure ta zo da mijinta, tana dariya tana cin gugguru bata san wani ya ɗauke ta ba, washegari sai ga fuskarta na yawo an ɗora waƙa a kai, a ƙasa kuma masu sharhi sun yi mata caa, wanda bai san ta ba ma sai ya faɗi tarihinta. A Kano kun san abin da irin wannan ke jawowa. Baiko na iya lalacewa, aure na iya girgiza, gidan su yarinyar kuwa har abada ba mai sake zuwa silima, har maƙotansu da suka ji labari. Ku da kuke lissafin kujera, ba ɗaya kuka rasa ba, layi guda ne.

Maganar kujerar ma abin dariya abin takaici. Tikiti da lamba, kujera da lamba, ka zo ka tarar wani ya baje a kan taka, ka nuna masa takarda ya ce "Malam ai duk kujera kujera ce, nemi wata mana." In ka nemi watan mai ita ya zo, kai ma ka zama mai laifi, haka za a yi ta tashin juna da tocilan waya har fim ya yi nisa. Masu zuwa a makare su ratsa ta gabanka suna taka ƙafa ba ko sannu. Masu miƙe ƙafa su ɗora a kujerar gaba, takalmi dab da ɗankwalin matar mutane. Cingam a manne a hannun kujera, robar lemo da kwalin gugguru a ƙasa alhali kwandon shara na bakin ƙofa. Waɗannan ba sai na daɗe a kansu ba, kowa ya sani.

Zan dai ɗan tsaya akan samarin da ke mayar da duhu wajen tsokanar 'yan mata. "Ƙanwata ji mana", jifa da gugguru, baro kujerarsa ya matso wadda ba tasa ba, in an tashi ya bi su har wajen hawa adaidaita sahu yana neman lamba. Yarinyar ba zata yi magana ba don kar a ce me ya kawo ta, zata haɗiye ne ta tafi gida, kuma ba zata dawo ba. Su ma masoyan da ke mantawa akwai yara da iyayen wasu a layin baya, a ji tsoron Allah. Duk wanda ke jiran hujjar cewa silima har yanzu tana nan yadda ya santa, ku kuke miƙa masa ita.

To Alhazai, na gama da mu masu kallo, saura ku, don in ɓera da sata daddawa ma da wari. Mutum ɗabi'ar wajen da ya shiga yake ɗauka. Wanda ke tsallake layi a tasha shi ne dai ke bin layi tsaf a banki ko a filin jirgin Malam Aminu Kano, ba don an canza masa hali a hanya ba, sai don ya tarar da tsari da kuma wanda ke tsaye akan tsarin. Ku kuma da yawanku da zarar an yagi tikiti an kashe fitila shikenan, kamar mai gidan bikin da ya tara jama'a ya shige ɗaka ya ja ƙofa.

A fara da lokaci. An rubuta ƙarfe huɗu, biyar saura ba a fara ba wai ana jira mutane su ƙaru. Wanda ya zo akan lokaci kun hora shi, wanda ya makara kun saka masa, gobe kowa sai ya makara, jibi kuma ku ce ai halin mutanenmu ne. Daga nan sai fim ya ci Magariba, mutane su yi ta tashi ɗaya bayan ɗaya a cikin duhu suna fita sallah suna dawowa, wanda bai tashi ba kuma hankalinsa ba a kwance yake ba. Lokacin sallah a Kano ba ɓoyayyen abu bane, ana iya tsara jadawali da shi, ko fim ya ƙare kafin kira, ko a fara bayan an idar, ko a kunna fitila a bada hutun kwata, ai fina-finan Indiyan da aka taso da su ma da hutun tsakiya ake gina su. A tanadi wajen alwala mai ruwa, da wajen sallar mata wanda ba bayan janareto ba. Sannan ku tuna da dare. A watan Yulin 2022 gwamnati ta sa dokar hana adaidaita sahu zirga-zirga daga ƙarfe goma na dare zuwa shida na safe, acaɓa kuwa tun 2013 aka hana shi ɗaukar fasinja. Duk fim ɗin da jinkirinku ya kai shi sha ɗaya, kun tura mara mota ya tsaya a bakin titi cikin duhu da waya a aljihu, a garin da kowa ya san yadda ƙwacen waya ya addabi mutane. Fitila mai haske a bakin get, da maigadin da ba zai shige ba sai mutum na ƙarshe ya samu abin hawa, shi ma ladabi ne, naku ne ga baƙinku.

Sannan ku sa mutum a cikin ɗakin. Ba ƙato mai gora nake nufi ba. Matashi mai hankali da 'yar tocila da riga mai alamar gidan, wanda zai raka mutum kujerarsa, ya sunkuya a hankali ya ce "Baba don Allah a taimaka a fita waje a amsa", ko "Hajiya yi haƙuri ba a ɗauka a nan." Abin da mai kallo ya faɗa wa mai kallo faɗa yake zama, waye kai, amma in ma'aikacin gida ne ya faɗa da lafazi mai daɗi yawanci ana ji. A samu mace a cikinsu, don akwai ƙorafin da yarinya ba zata iya kai wa namiji ba. Kuma su ma a koya musu, don na sha ganin ma'aikaci ya daka wa ɗalibi mai silifas tsawa akan waya, ya wuce Alhaji mai babbar riga da 'yan rakiya yana abin da ya fi na ɗalibin, har da ɗan rusunawa. Dokar da ke tsallake wani ta faɗa kan wani ba mai ganin girmanta, ko shi wanda aka tsallake ɗin.

Kafin a fara fim kuna nuna talla kala-kala, ta lemo, ta layin waya, ta fim mai zuwa. Minti ɗaya kacal a ciki ba zai gagara ba. Sanarwar da wasu ke sakawa da Turanci ce, an ɗauko ta daga wani waje, ba mai sauraronta. Ga 'yan wasan barkwanci nan cike da gari, a sa su su yi ɗan gajeren wasa na mai amsa waya da mai bada labarin ƙarshen fim da mai ƙwace kujera, ɗaki ya yi dariya, mai halin ya ji a jikinsa ba tare da an kira sunansa ba. Bahaushe ya fi jin habaici akan "an hana".

Mai sayar da tikiti shi ma yana da nasa. Hukumar tace fina-finai ta ƙasa da aka kafa tun 1993 tana sa wa fim alamar shekaru, 12 ko 15 ko 18, amma uba zai zo da yara 'yan firamare a miƙa masa tikitin fim mai yanka da jini ba a ce masa komai ba, sai an yi nisa yaro ya fashe da kuka, uban ya kwashe su ya fita yana tsine wa silima. Da an ce "Alhaji wannan bai dace da yara ba, ga wani can ƙarfe kaza", da kun rasa tikiti huɗu yau kun samu mai zuwa duk Sallah. Mai goyon jariri ma a faɗa mata gaskiya, ƙarar sifikun nan ta fi ƙarfin kunnensa.

Yanzu ga wadda ta fi duka nauyi, ƙofa. Ranar Lahadi 13 ga Mayu 1951 silimar El Duniya a nan Kano ta kama da wuta ana tsakiyar kallo, mutum 331 suka rasu daga cikin kusan 600 da ke ciki, Allah ya jiƙan musulmi. Daga ɗakin na'ura wutar ta tashi, irin faifan fim na wancan zamanin mai saurin kamawa. Yau ba a amfani da shi, amma akwai wayoyin lantarki da aka yi wa haɗin gambiza, akwai janareto, akwai jarkar fetur. Ni in na shiga waje ƙofar baya nake fara dubawa, kuma na sha ganin an danna mata kwaɗo, ko an jibge karyayyun kujeru da katan-katan na lemo a gabanta, wai don kar a shigo ta nan ba tikiti. Ranar Sallah kuma a sayar da tikiti fiye da kujera, a jera fararen kujerun roba a kan hanyar wucewa, wasu a zaune a matakala. Wani zai ce wannan ai ba maganar ladabi bace. Ita ce. Jama'ar da bata saba fita a layi cikin kwanciyar hankali ba, wadda kullum turereniya take a bakin ƙofa ba wanda ke cewa a bar mata da yara su wuce, ranar tashin hankali taka juna zata yi. Kuma mai gidan da ya kulle ƙofar ceto saboda tikiti biyu uku ya nuna wa baƙinsa iya darajarsu a wajensa.

Ƙannena masu gidan kallon ƙwallo, kar ku ce wannan ta masu esi ce. Ku ne ma kuka fi tara jama'a, daren da Madrid zata kara da Barcelona ko ranar wasan ƙarshe na zakarun Turai ba masaka tsinke, rumfar kwano, benci, ƙofa ɗaya, janareto a bakinta yana huci. Ihu in an ci ƙwallo ba mai hana shi, zolaya ma ita ce gishirin abin. Amma ashar fa? Mutum ya zagi uwar maƙocinsa akan ƙungiyar da ke Ingila ko Sifen wadda bata san da zamansa a duniya ba, musu ya koma caca, caca ta koma dambe, wani lokacin har a zaro ƙarfe. Hayaƙin sigari a rufaffiyar rumfa alhali tun 2015 akwai dokar ƙasa da ta hana shan taba a irin wuraren taruwar nan. Yara da jakar Islamiyya a ɓoye ƙarƙashin benci ƙarfe biyar na yamma, iyaye na can sun ɗauka suna gaban malam. Bayan katanga kuma akwai tsoho mara lafiya da mai jego, sifika na dukan kwano har sha biyun dare. Kai mai gidan kallo da ka san kowa da sunan babansa ka fi kowane manaja ikon gyara wannan. Ka ce wa mai ashar kar ya sake shigowa sai bayan sati, in aka yi sa'a satin babban wasa ne, wallahi ya fi tara zafi.

'Yan fim ku ma kar ku yi dariya. Ranar fara haska fim ɗinku ku ne ke zuwa a makare da tawaga, a tsayar da komai ana jiranku, ko ku shigo ana tsakiyar kallo a kunna fitila a hau hotuna. Hoton a bari sai an tashi mana, ba inda masoyan zasu gudu.

Yallaɓai shugaban hukuma, doka ta baku ikon bada lasisi ga wuraren nuna fim da kuma duba su. Roƙona kar abin ya zama sai wani abu ya faru sannan a zo da motoci a garƙame waje a kira 'yan jarida. Rufewa bata koya wa kowa zama da mutane, masu kallon komawa suke wani lungun da ba mai ganinsu, ma'aikatan wajen kuma su koma zaman majalisa. Ku zauna da masu gidajen da ƙungiyar masu harkar fim ta MOPPAN ku fitar da takarda ɗaya, shafi ɗaya tak, da Hausar boko da ajami, wadda ta faɗi haƙƙin mai kallo da abin da ke kansa, a manna a bakin kowace ƙofa, a sa ta cikin sharaɗin sabunta lasisi. A sa lambar ƙorafi a ƙasa, amma don Allah wadda ake ɗagawa. Jami'anku su riƙa zuwa ba sanarwa, ba jaket mai tambari, su bi layi su sayi tikiti kamar kowa, su zauna a layin baya ranar Sallah ta biyu su ga abin da muke gani, in zasu fita su taɓa ƙofar baya su ji ko tana buɗuwa. Gidan da aka samu yana yin daidai kuma a faɗi sunansa a rediyo, don magidanta su san inda zasu kai iyalinsu, sauran kuma kishi ya kama su.

Na san wasu abubuwan da na lissafa sai da kuɗi, ƙarin ma'aikata albashi ne, fitila wuta ce, ga kasuwar yadda take. To in ma ba za a iya komai ba kafin Sallah mai zuwa, a cire kwaɗon ƙofar baya a kwashe kayan da ke gabanta, a kuma fara fim a lokacin da aka rubuta a jikin fasta. Waɗannan biyun ko kwabo ba zasu ci muku ba.

Na gode da haƙurin karantawa. Wassalam.

Naku,
Wani mai kallo daga Fagge, Kano.